Buhun Shinkafar da Ya Kai Ni Yamai

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. 'Yan ofishinmu su tambaya, maƙwabta su tambaya, ƙawayena na islamiyya su tare ni a bakin ƙofa, wai da gaske ne buhun shinkafa ɗaya ne ya fitar da ni daga ƙasa? Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi kowa yana tafiya yana ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Ni dai sunana Rabi, aikina karɓar kaya a wani kamfanin aika saƙo da ke kusa da Kwari a nan Kano, muna da reshe a Yamai, a unguwar Wadata. Ban karanta kwamfuta a ko'ina ba. Abin da ya tura ni gare ta rigima ce. Direba ya rantse ya kai kaya, mai kaya ya rantse bai gani ba, ni ce a tsakiya ana nuna ni da yatsa. Ana cikin haka na ci karo da irin dandalin nan na intanet da mutum zai haɗa manhaja ko bai iya yaren kwamfuta ba. Akwatuna ne a jere, ka jawo wannan ka ajiye nan, ka gaya masa in an taɓa shi abin da zai yi, kamar mai jera kwanuka a kabad. Na riƙa zama a kansa lokacin cin abinci, ina ɓatawa ina gyarawa, har na haɗa tamu. In kaya ya iso, saƙo ya tafi wayar mai karɓa da sunan wanda ya aiko. In an miƙa masa, a ɗauki hotonsa da kayan. In babu hoto, manhajar ba za ta yarda an gama aikin ba.

A Kano rigima ta mutu murus. Alhaji mai kamfanin, wanda da yake ce mini "ke mai karɓar kaya", ya koma kirana Injiniya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Da aka kai ta Yamai sai kaya suka fara dawowa. Jibo, shugaban reshen can, ko yaushe amsarsa ɗaya ce a waya: sun ƙi karɓa. Muna cikin wannan sai ga Alhaji Sani, babban mai hulɗa da mu a Kwari, ya shigo ofis ko zama bai yi ba.

"Akwai wata baiwar Allah a Yamai, Hajiya Zali," in ji shi. "Ita ta riƙe ni ina yaro a shagonta na atamfa. Yanzu ƙarfinta ya ƙare. Shekara da shekaru ina aika mata shinkafa ta hannun Jibo, ba ta taɓa sanin ni ba ne, haka na tsara. Wannan abin naku ya je ya rubuta mata sunana ɓaro-ɓaro. Yanzu ta ce a mayar da buhun. In buhun nan ya dawo Kano, ni da ku mun gama."

Yana fita Alhajinmu ya juyo kaina. Ranar babu Injiniya. Ya ce ko buhun nan ya shiga gidan matar nan, ko abin nan nawa ya fita daga ofishinsa, da ma akwai wasu yara daga Legas da ke ta bin sa ya sayi nasu. Na ce masa zan je. Ya ce ina? Na ce Yamai mana, ai can buhun yake.

Maigidana dariya ya fara yi. "Ke da ko Zariya sai kin yi amai a mota?" Da ya ga fuskata sai ya daina. Shi da kansa ya damƙa ni a hannun Malam Ado, direban kamfani da ke kai kaya Maraɗi, ya kuma sayo mini lemon tsami saboda aman.

Daga Kano zuwa Katsina babu labari, barci na yi. A iyaka ne na fara ganin duniya. Mun wuce namu jami'an lafiya, muka isa na Nijar, aka ce a fito da katin allura. Nawa yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin yajin da na ɗauko saboda an ce mini miyarsu babu yaji. Garin jawo katin ƙullin ya fashe. Jandarman da ke duba mu ya yi atishawa har hularsa ta karkace, ni kuwa ina ta ba shi haƙuri ina share masa tebur da gefen mayafi. Da ya dawo hayyacinsa ya ɗauki biro.

"Mi kike yi, madam?"

Na ce ina haɗa manhaja. Ya ce wace ce haka? Na nuna masa waya.

"Ah, aplikasiyo! Ke injiniya ce?"

"A'a, mai karɓar kaya ce."

"To wanne za ni rubuta?"

Na ce ya rubuta duka biyun. Ya dube ni, ya sake atishawa, ya buga mini hatimi.

Na kwana Maraɗi gidan 'yar'uwar Malam Ado. An gaya mini babbar motar Yamai da asuba take tashi, ni kuma na ɗauka asubar tashar Kano ce, wadda za a ce yanzu za a tashi kuma a kai hantsi ana jiran mutum ɗaya. Na tsaya shan koko. Da muka isa mota ta riga ta kai bakin ƙofar tasha, sai da Malam Ado ya bi ta da gudu yana dukan jikinta. A can kujera da lamba, kaya da lamba, lokaci kuma ba a wasa da shi. Na shiga kowa yana kallona.

Wadda ke kusa da ni wata dattijuwa ce Badamagariya. Tana jin bakina ta ɗaga murya: "Jama'a, Bakanuwa ta shigo, kowa ya riƙe jakarsa!" Mota ta kwashe da dariya. Na ce mata ai baiwa ba ta yi wa uwar ɗakinta tsawa, ta matsa mini in zauna. Haka muka yi ta yi har Yamai, tana zagin Kanawa tana tura mini kilishi da dabino. A Galmi ta sa na leƙa na ga albasa tuli-tuli a bakin hanya. A Konni muka yi sallah. Daga Dogon Dutsi zafi ya fara gaya mini magana, a Doso kuwa na lura masu tallan bakin mota sun sauya harshe, Zabarmanci ake yi, sai sun ga ka yi zuru su juya zuwa Hausa. Lemon tsamin maigidana ya yi aikinsa, ban yi amai ba ko sau ɗaya, kuma ina so a gaya masa.

Jibo ya tarbe ni a tasha da yamma. Bazabarme ne dogo, haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya ƙawata ta.

"Fofo, madam. Kin zo lahiya? Abinki bai yi ba."

Na ce ya bari in sha ruwa tukuna.

Ya sauke ni a unguwar Banifandu gidan ƙanwarsa Mariyama, wadda ke aiki a kantin magani, su suna cewa farmasi. Da ta ji abin da ya kawo ni ta tafa hannu ta ɗauko wayarta. Ashe ita ma ta haɗa tata manhajar a irin dandalin nan, wadda ke tuna musu maganin da ya kusa lalacewa, kuma ita ma ba ta taɓa shiga ajin kwamfuta ba. Muka haɗa kai kamar waɗanda suka haɗu a ɗakin haihuwa, kowa na nuna wa 'yar'uwarta nata. Ta ce launin da na zaɓa kamar zanen kanti mai arha, na ce nata akwatunan a hargitse suke kamar ɗakin gwauro. Daga nan muka zama ƙawaye.

Abinci kuwa, wanda ya ce mini babu yaji ya cuce ni. Dambu da zogale ta ba ni, an kwaɗa shi da ƙuli, na ci har na ji kunya. Abin da ban shirya da shi ba burodinsu ne, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya yanke mini dasashi da safen farko. Su kuwa sai ka ga babban mutum da shiga ta alfarma ya saƙale shi a hammata yana tafe abinsa. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne tsakar rana. Ana yin azahar gari ya yi tsit, wasu su ja ƙofar shago su kishingiɗa, mai saye yana tsaye. Na ce wa Jibo a Kwari wanda ya yi haka sai danginsa su kai shi a yi masa addu'a. Ya ce in bari rana ta ƙara kwana biyu a kaina, zan gane.

Ofishinmu na Wadata ɗaki ɗaya ne a tsakiyar masu ɗinki da masu tura kura. A kusurwa na ga kayan da aka ƙi karɓa, buhun Hajiya Zali yana sama. Jibo ya ce shawararsa a koma yadda ake da, a kira mutum a waya a kai masa, shi ke nan. Na ce ban shiga mota tun daga Kano don in binne abina da hannuna ba. Na ce a haɗa ni da mai kai kaya in gani da idona.

Aka haɗa ni da Hamani, mai babur mai ƙafa uku, mutum mai iyali wanda ba ya son yawan magana. Na ɗare bayan babur a kan kwalaye. A kasuwar Katako muka fara, wurin masu katako da kayan abinci. Can babu matsala ko kaɗan. Wani mai shago har hula ya gyara, ya kira maƙwabcinsa su shiga hoton tare. Na fara cewa a raina Jibo ne kawai ba ya son abin.

Sai muka shiga unguwa, gidan wani dattijo da ɗansa ya aiko wa mai da taliya daga Kano. Ya fito da fara'a, ya sa albarka. Hamani ya ajiye kayan a gabansa ya ɗaga waya. Nan take fuskar mutumin ta sauya, ya kare ta da hannun riga.

"Aje wannan! Ni ba sinistire ba ne. Ɗauke kayanku."

Ya shige gida ya rufe ƙofa. Hamani ya mayar da kwalin kan babur, ya ce haka ake yi masa kullum, in shago ne lafiya, in gida ne faɗa.

Da na koma na tambayi Mariyama mene ne sinistire. Ta ce wanda ambaliya ta ci gidansa, ko wata masifa ta faɗa masa. Ta ce in kogi ya cika ya shiga unguwanni, masu agaji kan zo da buhuna, a tsayar da mutum kusa da buhu a ɗauke shi hoto, kafin ya isa gida hoton ya zaga wayoyin gari. Saboda haka a Yamai, a tsayar da kai a ƙofar gidanka da buhun abinci a ɗaga maka waya, shela ce cewa ka faɗi. Ni hoton nan don ɓarayi da masu musu na sa shi, ban taɓa kallonsa ta wannan gefen ba. Raina ya ɓaci sosai, amma ko ba komai yanzu na san da abin da nake kokawa.

Washegari na ce Hamani ya kai ni gidan Hajiya Zali, ba buhu, ba komai. Gida ne babba wanda fentinsa ya gaji, amma tsakar gidan a share tas. Na same ta a kan darduma, farar tsohuwa siririya, ɗaurin ɗankwalinta na matan da suka taɓa juya kasuwa. Asalinta mutuniyar Tawa ce. Ta sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa doguwar gaisuwa, sannan na faɗi ko ni wace ce.

"Ke ce mai salular da ke tona asirin mutane?"

Na gane waya take nufi, na ce ni ce, Hajiya.

"Ɗiyata, shekaru ina cin shinkahwar ga, ina ma mai ita addu'a ban san shi ba, raina kwance. Yanzu kin gaya mini. Yaron da nike zuba ma tuwo a murhin kwano. Ban ƙi shi ba, Allah ya sani, ɗa na gari ne. Amma in ci na hannunshi ina sane, kuma a tsai da ni bakin ƙohwa a ɗauke ni hoto? Gara in sha ruwa in kwanta."

Ba ta ɗaga murya ba. Ina zaune ina hango madafinta, murhu a sanyaye, rana kuma ta yi sama. Na so in roƙe ta, na ga roƙo zai ƙara ɓata abin. Na ce mata zan dawo. Ta ce ƙofa a buɗe take ga baƙo, ban da buhu.

Daga nan farmasin su Mariyama na wuce, don a Wadata an ɗauke wuta, su kuma suna da janareta, gurup suke ce masa. Ta ba ni kujera a bayan kanta. Abin da na ƙudura shi ne in ƙara wa mai aikawa zaɓi guda, na sa masa suna saƙon sutura. In ya taɓa shi, suna ba zai fita ba, kuma ba za a ɗauki fuskar kowa ba. Kayan kaɗai za a ɗauka bayan an shigar da su cikin gida, waya kuma ta riƙe wurin da aka ɗauka, shaida ta samu ke nan.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Garin cire dokar hoton na jawo wani akwati da ashe duk sauran a kansa suke zaune. Ban ankara ba sai wayata ta hau ruri. Direbobin Kano ne, wai komai ya tsaya, ba a iya rufe aiki ko ɗaya. Ashe a kan manhajar da ake aiki da ita nake ta yanka, ban kwafi wata na gwada a gefe ba. Mariyama tana sallamar masu sayen magani tana leƙowa tana cewa, "Bakanuwa, kin kashe Kano daga Yamai!" Gumi ya jiƙa mini mayafi. Ana cikin haka sai ga kiran Alhajinmu.

Ya yi faɗa son ransa. Na bari ya sauke, sannan na gaya masa abin da na gani da abin da nake haɗawa. Ya ce hoton fuska shi ne ya kashe masa rigima, ba zai yarda a taɓa shi ba. Na ce, "Alhaji, na 'yan kasuwa yana nan yadda yake. Amma wanda ya aika wa uwarsa abinci ba rasit yake nema a fuskarta ba. In kaya ya ɓata ta wannan hanyar, ni za a kama." Ya ce na faɗa da bakina. Na ce na faɗa. Ya kashe waya ba sallama, wanda a wurin Alhaji amincewa ce.

Na mayar da akwatin da na cire, Kano ta farfaɗo. Na kwafi manhajar gefe na yi ta gwaji, ina aika wa Mariyama kwalin ƙarya tana karɓa, har abin ya zauna. Ita ta rubuta mini saƙon da Faransanci a ƙarƙashin na Hausa. Da na nuna wa Jibo ya jujjuya wayar ya ce, "Bon. A gwada ga tsohon nan mai taliya." Aka gwada. Hamani ya dawo babu kwali.

Saura buhu. Na zaɓi tsakar rana, lokacin da layin ba kowa, na rufe buhun da tsohon zanena. Hamani ya tsaya da shi a zaure, ni na shiga. Hajiya na nan inda na bar ta. Na durƙusa na ce ta duba wayarta, saƙo ya shigo. Ta miƙo mini ta ce idonta ba ya gani, in karanta. Na karanta mata: an aiko miki da saƙo, Allah ya sa a amfana. Babu suna.

"Na farkon hwa? Yana nan ciki."

Na nemo shi. Yana nan, da sunan Alhaji Sani cikakke. Na goge shi a gabanta, na nuna mata wurin ya zama fili.

"Kin goge?"

"Na goge, Hajiya."

Ta ɗauki carbinta tana ja. Ni kuwa na san in ta ce a'a ban da sauran dabara. Can ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

"To wannan da ke zaure, wa ya aiko shi?"

Na gane abin da take nema a wurina. Na ce, "Ban sani ba, Hajiya. Wani bawan Allah ne ya ce a sa shi a addu'a."

"To Allah shi yi mishi albarka, ko wane ne. Allah shi ruhwa mishi asiri kamar yadda ya ruhwa na wani. Ce ma yaron ya aje shi bayan ƙyaure."

Hamani ya shigo da shi ya ajiye. Na ɗauki hoton buhun shi kaɗai a jikin bango, na taɓa, manhaja ta nuna an gama. Sai da na fito zaure sannan na zauna a dakali na yi kukana, Hamani yana kallon titi kamar bai gani ba.

Da na dawo Kano, kafin in je ofis shagon Alhaji Sani na fara biyawa. Ya ce ya ji ta karɓa, amma me ta ce? Na faɗa masa addu'ar kamar yadda ta fito daga bakinta, har da "ko wane ne". Ya juya mini baya ya shiga gyara atamfofin da ke jere lafiya lau, ya daɗe bai juyo ba.